Tukunyar Mai Jego

A gidan Dalhatu mai injin dutse, a Tungar Gawo, tukunya ɗaya ce babu mai sa mata hannu: 'yar baƙar tukunyar ƙasa da Inna Dije ke ɗorawa a murhun ƙofar ɗakin mai jego. Abin da aka dafa a cikinta na mai jego ne ita kaɗai har ta yi arba'in. Yaro ba ya lasa, magidanci ba ya ɗanɗanawa, ita kanta tsohuwar da ido take auna gishiri don kada ta ci haƙƙin wani. Inna Dije tana taƙama da wannan tukunya ƙwarai. Takan ce surukanta ba su taɓa fita jego da rama ba.

Naja'atu, matar Badaru ƙanen Dalhatu, ta haihu ranar wata Laraba da hantsi, ta zubar da jinin da ya tsorata ungozoma. Haihuwarta ce ta biyu, don haka ba ta tafi wankan gida ba. Ko da ma tana so, hanyar Gummi ba ta da daɗin bi a wannan damina. Can uwarta take, tana sayar da bandar kifi a kasuwa, tare da 'yar Naja'atu ta fari da aka kai yaye. Aka yi suna, jaririya ta ci sunan Hidaya, naman rago ya ƙare cikin kwana uku. Daga nan ido ya koma kan maza, a ga wa zai kawo kauri, wato kai da ƙafafun sa da ake dafa wa mai jego.

Dalhatu ne babba, shi ke faɗa a ji. Ya tsaya a tsakar gida, jikinsa fari fat da garin dutse, ya ce wa uwarsa, "Inna, mi za a yi da kauri? Kihi ya hi nama ƙara jini. Ga shi nan bayan gida ba iyaka. Kullum a kamo mata biyu, sahe da marece."

Inna Dije ta sa masa albarka har da ɗaga hannu.

Kududdufin bayan gidan tsohon rami ne da aka ɗebi ƙasar gini, ruwan sama ya cike shi. Shekara biyu da suka wuce Dalhatu ya zuba masa tarwaɗa da karfasa. A bara kuma ya kafa injin niƙa dutsen zinariya a tudun da ke saman ramin. Can shi da Badaru suke wuni, suna niƙa abin da 'yan haƙo suka kawo, suna wanke garin a kan shimfiɗaɗɗun barguna. Ruwan wankin, mai launin toka, wata 'yar magudana yake bi ya gangara, kuma ba shi da wurin zuwa sai kududdufin.

Kwana biyu na farko Naja'atu ta ci, ta sha romo, ta yi godiya. A rana ta uku tana zaune a bakin ƙofa tana shan hantsi, Hidaya a cinyarta, sai Inna Dije ta zauna kusa da ita da wuƙa za ta gyara kifin da Badaru ya kawo a bokiti. Abin da ya fara ɗaukar hankalin Naja'atu shi ne shirun bokitin. Ita 'yar masunta ce, a bakin gulbi ta girma, ta san tarwaɗa ba ta kwanciya lamo haka. Tarwaɗa mai lafiya sai an buge mata kai, kuma ko an buge tana iya fallatsa wa mutum ruwa a fuska. Waɗannan kuwa suna kwance a kan juna, suna buɗe baki a hankali, kai ƙato jiki siriri.

"Inna, miƙo min guda in gani."

Ta sa babban yatsa ta ɗaga murfin kunnen kifin, inda yake numfashi. A gidansu abin da ake fara koya wa yarinya ke nan kafin a bar ta ta taɓa ciniki: naman da ke ƙarƙashin kunnen nan ja ne jawur in kifi yana da lafiya. Wannan fari ne, da majina-majina a kansa. Da tsohuwar ta yanka, jinin da ya fito tsararo ne kamar an surka shi da ruwa, hantar kuma ta kumbura ta yi ɗigo-ɗigo.

"Inna, kihinga ba shi da lahiya. Dubi kunnenshi. Ba shi da jini ko kaɗan."

"To shi za ya sha romon ko ke?" in ji tsohuwar tana dariya. "Ku ɗiyan bakin gulbi kun cika sanabe. Kihin gida ai ba ya zama awa na gulbi."

"Wallahi Inna a gidanmu irin wanga ba a ba kowa. Binne shi akai."

Fuskar Inna Dije ta canza. Ta ce a gidansu Naja'atu ke nan. A nan gidan ba a binne arzikin Allah. Naja'atu ta haɗiye sauran maganarta, don suruka ba ta jayayya da uwar miji kwana goma sha uku da haihuwa. Da aka kawo kwanon, ta tsakuri kaɗan ta ture. Tsohuwar ta dawo da shi gabanta, ta zauna ta tsare ta har sai da ta ga ƙasan kwano.

Ba kifin kaɗai ke fitowa daga kududdufin ba. Ruwan sha na gidan daga famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci ake kawo shi a jarka, amma wankan jego ba ƙaramin ruwa yake ci ba, babbar tukunya ce safe da yamma. Wa zai yi ta jido daga famfo alhali ga ruwa a bayan katanga? Can ake ɗebowa, a tace da tsumma, a dafa har ya yi ta ɓararraka. Kuma daga wannan tafasasshen ruwan Inna Dije ke kamfata ta dama kunun kanwa, kamar yadda ta saba tun tana yarinya. A wurinta abin da ya hau wuta ya tsarkaka.

Kafin kwana goma sha biyar cikin Naja'atu ya ɓaci. Amai da safe, zawo da rana. In ta miƙe tsaye sai ɗakin ya juya mata. Ta buɗe tafin hannunta ta ga ya koma fari kamar na wadda ta wuni tana wanki. Inna Dije ta duba ta, ta girgiza kai, ta ce ɗanyen jiki ne, sanyi ya shige ta. Maganin sanyi kuwa sananne ne: a ƙara zafin ruwa, a ƙara kunu, a ƙara romo. Tsohuwar nan ba ta huta ba. Da asuba take tashi hura wuta, bayanta yana ciwo, idonta yana hawaye saboda hayaƙi, duk don surukarta ta yi jini. Abin da ya fi ƙona rai a labarin nan ke nan: wadda ta fi kowa wahala a kan Naja'atu, da hannunta ake kashe ta.

Wani abu kuma Naja'atu ta lura da shi daga inda take kwance. A da, duk Juma'a gidan nan miyar kifi ake yi, ƙamshinta har zaure. Yanzu akussan maza suna fita da miyar kuka, su dawo da miyar kuka. Rabon da ta ga ƙayar kifi a kwanon wani tun kafin ta haihu.

Ta tari Badaru da maganar ranar da ya shigo da azahar neman wata igiya.

"Malam, mi ya sa anka bar yin miyar kihi gidanga?"

Bai juyo ba. Ya ci gaba da laluben bayan ƙofa. "An bar miki ne. Ke ad da buƙata."

"Duk kududduhin ni ɗaya? Ina mutanen Bukkuyum da ka zuwa saye?"

"Kasuwa ta ba ta da kyau."

"Dube ni, Malam. Ƙahwahuna zahi sukai awa na taka garwashi. Don Allah ka kai ni asibiti, ko ka ba ni wayarka in kira innata."

"Ba ki yi arba'in ba, ina za ki? Kuma kin san ba a samun sabis sai an hau tudu." Ya sami igiyarsa, ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ƙara wani abu. Sai ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita. Bai ko leƙa fuskar Hidaya ba.

Badaru ba mugu ba ne irin wanda ake nunawa da yatsa. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ko murya ba ya ɗagawa. Mutum ne da ya saba tsayawa a bayan wansa tun suna yara, yana cin abinci daga injin wansa, yana kwana a ɗakin da wansa ya gina. Irin waɗannan ba sa yin ɓarna da kansu, sai dai a yi a gabansu su sunkuyar da kai.

Ranar da ta cika kwana ashirin da bakwai, Hure ta shigo. Bafulatana ce mai kawo nono daga rugar da ke hanyar Gwashi, kuma ta daɗe ba ta leƙo ba saboda sun matsa da shanunsu gaba. Inna Dije ta fita barkar wata maƙwabciya. Hure ta sauke ƙwaryarta a ƙofar ɗaki, ta yi sallama, ta ɗaga labule. Murmushin da ta shigo da shi ya tsaya a fuskarta.

"Subhanallahi! Mai jego, ke ta haka? Mi ka cin ki?"

Naja'atu ta nuna mata kwanon da ke rufe a gefen gado. Hure ta ɗaga faifan, ta ga kan tarwaɗa a cikin romo, ta mayar ta rufe da sauri.

"Na ina na?"

"Na kududduhin bayan gida."

Hure ta zauna daɓas a ƙasa. Ta leƙa tsakar gida, ta ga babu kowa, sannan ta rage murya.

"Ba su hwaɗa miki ba? Wata huɗu ke nan, wani ɗan makaranta ya zaka, Mamuda sunanshi, daga jami'a. Shina bin tabkunan da ka kusa da injin dutse, tun daga wajen Anka. Da idona nig ga ya sa allura ya ja jinin kihi daga wajen wutsiya, ya zuba cikin 'yan kwalabe. Mu har dariya munka yi mishi, mun ce yau ga likitan kihi. Bayan sati shida ya dawo. Ina zaune gindin tsamiyar ƙohwar gidanga da nonona, ya kira su duka biyu, da Dalhatu da mai gidanki."

"Mi yac ce?"

"Yac ce dutsen da suka niƙa akwai dalma ciki, akwai kuma wata guba, asanik yac ce sunanta. Ita ta ka bin ruwan wanki tana shiga ramin. Yac ce ta cinye jinin kihin, ta ɓata mishi hanta, shi ya sa shina ramewa ba ya cin abinci. Yac ce kada mutum shi ci, kada dabba ta sha ruwan. Dalhatu yac ce to in an dahwa hwa? Yaron yac ce ko a kwana ana dahwawa ba ta mutuwa, don ba ƙwayar cuta ba ta, daga dutse take. Ranar nan nik koma ruga nih hwaɗa ma mai gidana. Don haka munka bar shayar da shanu wajenga."

Naja'atu ba ta yi kuka ba. Ta dubi kwanon, ta dubi babbar tukunyar wanka da ke hayaƙi a tsakar gida, ta dubi ƙwaryar kunun da ta shanye da safe. Shanu an janye su daga ruwan. Ita kuwa an tace mata shi da tsumma an ba ta.

"Shina nan tsaye sadda anka hwaɗi haka? Mai gidana?"

"Shi yar raka yaron bakin hanya."

Hure ta zuba mata nono a kofi, ta ƙi karɓar komai. Da Naja'atu ta kai hannu za ta ɗauka, kofin ya suɓuce ya kife a tabarma. Ta ga yatsunta sun kama shi, amma ba ta ji sun kama ba.

Da la'asar Badaru ya shigo, ta faɗa masa abin da ta ji, ba ta ambaci sunan Hure ba. Ya zauna a bakin gado ya dafe kai.

"Yaya yac ce 'yan boko na da neman suna. Yac ce mu da munka girma cikin ƙurar dutsenga mi yas same mu?"

"To don mi kunka bar ci?"

Badaru ya kau da kai gefe.

"Don mi kunka bar ci, Malam?"

"Masu saye sunka zo sunka duba sunka tahi. Kihi ya yi yawa, shina mutuwa ɗaya-ɗaya. Yaya yac ce da a yi asara gara a rage shi ta nan, tunda wuta za ya hau. Yac ce kwana arba'in kaɗai na, ba abin da za ya yi miki." Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "In na ja da shi, ina za mu zauna? Ki ɗan ƙara haƙuri, saura kwana goma sha uku."

Saura kwana goma sha uku! Haka ya faɗa, kamar mai lallashin yaro ya ƙarasa azumi.

Daga ranar ta rufe bakinta. Ba kifi, ba romo, ba kunu. Ta faɗa wa Inna Dije dalili, amma tsohuwar ta ji abin a matsayin zagi. Wato 'ya'yanta ne za su ba matar gida guba? Wato ita da ta yi jegon mata goma sha ɗaya, yau ita za a ce tana dafa mutuwa? Ta tari Dalhatu a zaure ta tambaye shi. Inna Dije ba ta kiran sunansa, da yake ɗan fari ne, Babba take ce masa. Babba ya yi dariya, ya ce zancen mata ne, wata ce ta zuga yarinyar, kuma in ana biye wa mai jego sai ta ce a yanka mata raƙumi. Tsohuwar ta dawo cikin gida da ƙarfinta.

Kwana shida ana wannan dambarwa. Naja'atu tana rayuwa a kan ɗan tuwon da ta roƙa da ruwan jarka, in ta samu wanda zai miƙo mata. Wanka kuwa babu fashi, don ba ta da ƙarfin hanawa. Nononta ya ja baya. Hidaya ta koma kuka ba dare ba rana, siririn kuka mai gajiya. Tafiya zuwa bayan gida sai da bango, ƙafafun kamar ba nata ba. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne ɗaukar 'yarta. In za ta ɗaga ta sai ta zura hannuwa har gwiwar hannu, ta tallafo ta da damatsa, don ba ta yarda da yatsunta ba. Tsoro take ji ƙwarai, tsoron ranar da jaririyar za ta suɓuce kamar kofin nono.

A rana ta talatin da uku haƙurin Inna Dije ya ƙare. Da hantsi ta aika aka kira mata 'ya'yanta daga wurin inji. Suka shigo da ƙura a gira, suka tsaya a ƙofar ɗakin. Ta sa aka fito da Naja'atu aka jingina ta da bango, ta dire kwanon kifi a gabanta, yana tururi.

"Ku zo ku gani da idonku, kada gobe a ce ni nik kashe ɗiyar mutane da yunwa. Kwana shida ina dahwawa ana zubarwa. Dubi yadda tak koma! Dubi jinjirar!"

Dalhatu ya murtuke fuska. "Ke Naja'atu, gidanga ba a raina abinci. Ki ci, ko ki sa mu cikin bakin duniya."

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji ta, muryarta da ƙyar take fita. "Ba ni ci."

"Kun ji ko?" Tsohuwar ta tafa hannu. "Guba ta, wai! Ni Dije, shekara arba'in ban taɓa sa hannu tukunyar mai jego ba. To yau zan sa. In guba ta, ta hwara kashe ni ki gani."

Ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta gutsuro tsokar tarwaɗa ta nufi bakinta da ita.

"Inna, kar ki ci!"

Badaru ne. Ya yi tsalle ya damƙe wuyan hannun uwarsa. A daidai lokacin Dalhatu ya sa ƙafa ya shure kwanon, ya yi gefe yana ƙara, romo ya malale a ƙasa. Kaji suka rugo, ya kore su da hularsa.

Ana jin injin can bayan gida yana ta bugawa shi kaɗai. Inna Dije ta dubi hannun da ke riƙe da nata, ta dubi tsokar kifin da ke tsakanin yatsunta. Sannan ta ɗago ta dubi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe kun sani."

"Inna, ba haka ba na," in ji Dalhatu. "Ke tsohuwa ta, jikinki ba ya ɗauka..."

"Ita da ta zubar da jininta ta haihwa muku ɗiya, nata jikin shi ka ɗauka? Har kaji ka kora, Dalhatu."

Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai. Ta fizge hannunta daga na Badaru, ta goge yatsunta a ƙasa, ta goge, ta sake gogewa. Ta juya wajen babbar tukunyar wanka.

"Ruwan ma?"

Badaru ya gyaɗa kai.

Tsohuwar ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi ihu ba, wani ɗan sauti kawai ya fito mata daga maƙogwaro. Ta rarrafa ta je gaban Naja'atu, ta kama tafin hannunta fari fat ta juya shi. "Da hannuna," take ta cewa. "Ni nit tsare ki har kinka shanye. Da hannuna."

Da ta miƙe, ta ce a kawo babur yanzu. Dalhatu ya soma cewa ba a yi arba'in ba, mutane za su yi magana. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗauki Hidaya ta goya da kanta, aka ɗora Naja'atu a tsakiya, tsohuwar ta hau baya ta rungume ta, Badaru ya ja su zuwa Anka.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya mai suna Rufaida ta ja fatar idon Naja'atu ƙasa, ta duba faratanta inda wasu fararen layuka suka gitta, ta tsira mata allura a yatsan ƙafa ta tambaye ta ko ta ji. Ba ta ji ba. Aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata. Aka ce a dakatar da ba jaririya nono har sakamakon gwajin dalma ya fito. Game da hannuwa da ƙafafu kuwa, likita ya ce jijiyoyi ne suka taɓu. Wasu suna dawowa a hankali cikin watanni, wasu ba sa dawowa duka. Bai yi alkawarin komai ba.

Jinin Badaru ya dace da nata, aka ɗiba aka sa mata. Kafin kwana biyu labari ya zagaye Tungar Gawo cewa Badaru ya ba matarsa jininsa, maza suna ta yaba masa a majalisa. Dalhatu kuma ya karɓi masu jaje a zaure, yana cewa ciwon jego ne, ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara. Babu wanda ya tambaye shi komai. Mace ta yi rashin lafiya bayan haihuwa, wannan ai ba labari ba ne. Inji bai tsaya ko na wuni ɗaya ba.

Ranar arba'in ta same ta a gadon asibiti. Babu lalle, babu sabon zane, babu yawon gaishe da dangi. Inna Dije, wadda ba ta koma gida ba tun ranar da suka zo, ita ce ta ɗora mata Hidaya a baya, ta ja zanen ta ɗaure mata a ƙirji, don yatsun Naja'atu ba sa iya ƙulli. A ranar Hure ta zo dubiya, da ƙwaryar nono da labari. Ta ce Dalhatu ya sa an janye ruwan kududdufin an kwashe kifin kaf. Kwana uku ana banda a bayan gida. Jiya an ɗora kwanduna a mota, za a kai kasuwar Gummi.

Naja'atu ta runtse ido. Ta san banda. In hayaƙi ya gama aikinsa, kunnen kifi mai lafiya da na marar lafiya duk baƙi ne, ko uwarta da ta shekara talatin tana wannan sana'a ba za ta bambance ba. Kuma abin da bai sayu ba a ranar kasuwa, shi uwarta ke kawowa gida a yi miya, 'yar Naja'atu ta fari ta ci.

"Malam, ba ni wayarka."

Wannan karon Badaru ya miƙa mata ba musu. Ta riƙe wayar da tafukan hannu biyu, ta kai yatsa kan lambobin don ta kira uwarta, yatsan yana zamewa yana danna biyu a haɗe. Ta gwada sau uku. Badaru ya matso zai karɓa, ta kau da hannunta. Inna Dije ce ta zauna kusa da ita. Tsohuwar ba ta san lamba ko ɗaya ba, sai Naja'atu ta riƙa nuna mata da haɓa, wannan, na ƙasansa, wancan na gefe, tana dannawa a hankali har suka cika. Ta kara mata a kunne.

"Inna, ni ta. Ki saurara da kyau. Duk bandar da taz zo daga Tungar Gawo, kar ki saye, kar ki ci, kar ki ba yarinya. Ki hwaɗa ma sarkin kasuwa da duk 'yan layinku. Guba ta. Zan yi miki bayani."

Daga can uwar ta yi salati, ta ce ta ji, yanzu za ta tashi. Sai kuma ta tsaya, don muryar 'yarta ba ta yi mata daɗi ba.

"Ke lahiya kike kuwa? Yau arba'in, ina ta zuba ido. Sun dai kula da ke? Suna ba ki abinci?"

Naja'atu ta dubi mijinta da ke tsaye a gindin gado, ta dubi tsohuwar da ke riƙe mata waya hawaye yana bin kumatunta.

"Suna ba ni, Inna," in ji ta. "Sahe da marece. Ni kaɗai."